Ku Daina Ɗora wa Sanyi Laifin Fumfuna

Duk yaron da ya kwana yana tari a Bebeji ko Ƙiru, kafin gari ya waye an yanke hukunci: sanyi ne ya kama shi. Sai a rufe taga, a cusa tsumma a ƙasan ƙofa, a jibga masa rigar sanyi, a aika kemis a sayo maganin tari. Hukuncin ya zauna daram har babu mai tuhumarsa, ni kuwa ina ganin a damina ya fi cutar da yara a kan kare su.

Kudancin Kano ba Ɗambatta ba ne. Ruwan sama ya fi sauka a nan, tun daga gefen madatsar Tiga har dajin Falgore da duwatsun Riruwai a Doguwa, kuma a watan Agusta bango kan daɗe bai bushe ba. A janye gado daga jikin bango, a ɗaga ledar ɗaki, a juya katifa. Baƙaƙen ɗigon nan masu wari fumfuna ce. Ƙwayoyinta suna tashi cikin iska ido bai gani ba, yaro yana shaƙa kowane dare, mu kuma mun toshe hanyar da za su fita.

Ga kuma kula mai ruwa, wadda wutar sola ta shigar da ita gidajen masu ɗan hali. Aikinta ta busa iska ta cikin jiƙaƙƙen soso. A bazara, lokacin da iska ta bushe ƙamas, rahama ce. Da damina ta sauka kuwa, danshi kawai take ƙara wa ɗakin da ya riga ya jiƙe. Ruwan tankinta ya kwana, ya wuni, ya sake kwana, sosonta ya yi baƙi, sannan a saita bakinta daidai shimfiɗar jariri. Wa ya taɓa jin mai shago ya ce wa mai saye ya riƙa zubar da ruwan kullum, ya shanya soson, ya bar taga a buɗe? Iyakwandishan mai ɗiga a jikin bango ita ma haka, sai dai masu ita ba su da yawa.

Tun 2009 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da ƙa'idoji da suka danganta danshi da fumfunar gida da tari, da shessheƙa, da tashin asma. A Rochdale ta Ingila, Awaab Ishak, ɗan shekara 2 da iyayensa suka fito daga Sudan, ya rasu a Disambar 2020, kuma a 2022 binciken kotu ya tabbatar fumfunar gidan hayarsu ce sanadi. Har doka aka yi da sunansa.

Na san za a ce ai akwai ƙurar hunturu da hayaƙin itace. Akwai, kuma yaron da numfashinsa ke sauri ko ƙirjinsa ke lotsawa, asibiti za a kai shi nan take, ba a tsaya duba bango ba. Amma wanda tarinsa ke dawowa duk damina, ya lafa idan ya je kwana gidan kaka, ɗakinsa ya kamata a bincika.

A Tudun Wada da Doguwa, inda ake noma masara sosai, buhunan da ba su gama bushewa ba sukan kwana ɗaki ɗaya da yara don tsoron ɓarawo. Malamin asibitin da zai rubuta wa irin wannan yaro magani karo na uku, ya fara tambayar uwar inda yake kwana, da abin da aka jibge kusa da kansa.