Waiwaye: Azurfa da suna, tagulla da lamba

A zamanin Sarauniya Biktoriya, wadda ta mulki Ingila daga 1837 zuwa 1901, da zarar wani hafsan soja ya yi suna sai maƙeran Birmingham da Landan su buga fuskarsa a ƙarfe mai kama da kwabo, su kai kasuwa. An yi wa Gordon, wanda mayaƙan Mahadi suka kashe a Hartum a 1885. An yi wa Kitchener bayan yaƙin Omdurman na 1898, da Baden-Powell bayan an karya ƙawanyar Mafeking a 1900. Da yawan waɗannan lambobi na farin ƙarfe ne mai araha, an huda su a sama don a rataya a riga ranar biki.

Yau akwai masu tara su, suna bin dillalai da gidajen gwanjo. Mai saye kan juya lambar a hannu, ya duba ko bakinta ya lotse, ko wani mai rawar kai ya goge ta har zanen ya shafe, domin gugar tana karya farashi. Sai dai abin da suka fi rububi a kai shi ne lambar yabon da aka ba sojan da ya je fagen fama, musamman mai ɗauke da suna a gefenta, don da sunan ake bin sawun mutum a kundin soja.

A nan zancen ya iso gida. A farkon 1897 dakarun kamfanin Royal Niger, ƙarƙashin shugabansa Goldie, suka ci Bida da Ilori. Turawa 'yan ƙalilan ne a cikinsu. Masu riƙe da bindiga kimanin 500 baƙaƙen fata ne, akwai Hausawa da yawa. A 1899 kamfanin ya fitar da lambar yabo mai kan Sarauniya: ta azurfa ga Turawa, kowa da sunansa, ta tagulla ga baƙaƙe, lambar aiki kawai aka buga mata.

Ba jarumai nake kiransu ba, Nufawa sun san abin da suka gani. Amma wanda kamfani ya ga damar ambata shi kaɗai masu tarawar nan ke iya ba da labarinsa, sauran kuwa sai "soja mai lamba kaza" a takardar gwanjo. Saboda haka idan akwai gidan da ke da irin wannan tagulla a ƙasan adaka, a Lakwaja ko wani gari, kada a goge ta, kada a miƙa wa 'yan gwangwan. A samu tsohuwar da ta fi kowa shekaru a gidan, a tambaye ta sunan mai ita da garinsu, a rubuta a ajiye tare.