Jujin Jiya Da Jujin Yau

Akwai wata magana da ta zama ruwan dare a bakin manya da ƙanana, wai duk inda aka daina zuba shara, nan albarkar noma take. Mu dai mun ce wannan magana ta tsufa, kuma barinta a bakin jama'a ganganci ne da rayukan talakawa.

Ba mu musun cewa kakanninmu suna da gaskiya a zamaninsu. Tun fil azal manoman karkarar Kano suke shigowa birni da jakuna ɗauke da itace, su koma da mangaloli cike da takin juji. Da wannan dabara suka yi ta noma gona guda shekara da shekaru ba tare da ta gaji ba. To, amma mene ne a cikin jujin wancan lokaci? Toka ce, da kashin awaki, da ƙaiƙayi, da sharar tsakar gida, abubuwan da suke ruɓewa su koma ƙasa.

Jujin yau kuwa, ban da leda, cike yake da matattun batura, da gwangwanayen fenti, da tarkacen rediyo da wayoyi, da baƙin man mota. A kusa da Bompai, Sharaɗa da Challawa har da dattin masana'antu da na majemun zamani. Daga waɗannan ne dalma da kadmiyum da kuromiyum suke tsiyaya cikin ƙasa. Su waɗannan ƙarafa ba su ruɓewa, ko an shekara hamsin da rufe jujin suna nan daram. Abin takaici shi ne ƙasar tana nan baƙa wuluk mai taushi, domin takin da ke cikinta na gaske ne. Sai alayyafo da latas su yi kore shar, manomi ya yi murna, mai saye ya yaba. Alhali ganye ya zuƙi kadmiyum ta saiwa, ƙurar dalma ta manne masa, tafasa kuwa ba ta kashe ƙarfe. Kadmiyum yana lalata ƙoda sannu a hankali, dalma kuma tana dakushe ƙwaƙwalwar yaro har abada.

Wanda yake ganin muna zuzuta abin, ya tuna da Zamfara a 2010, inda ƙurar dalma daga dutsen zinariya ta gurɓata ƙasar ƙauyuka, ta kashe yara fiye da 400. A Bagega sai da aka kankare saman ƙasar gidaje a 2013 aka binne. Ba mu ce kowane juji ya kai wannan muni ba, amma gubar ɗaya ce, kuma gani ga wane ya isa wane tsoron Allah.

Laifin wa? Ba na mai lambu ba ne, wanda tsadar takin zamani ta kora zuwa bola. Laifin hukumomi ne da suke barin juji ba shinge, ba gwaji, ba gargaɗi. Tun bayan abin kunyar Koko a 1988 aka kafa dokar hana zubar da shara mai guba, aka kuma kafa hukumar NESREA a 2007. Ina amfanin doka a takarda? Mu ma 'yan jami'a muna da namu kason: ana auna ƙasar nan a ɗakunan gwajinmu, a rubuta sakamako da Turanci, a jera a kanta ƙura ta rufe.

Saboda haka muna kira da babbar murya: a auna kowane tsohon juji kafin a sa masa fartanya. Wanda aka samu da guba a dasa masa itatuwa, a hana shuka ganyen miya. A ware batura daga sharar gida. A kuma faɗa wa manoma sakamakon da Hausa, a rediyo da kasuwanni. Rigakafi dai ya fi magani.