Kafin Ka Taka Totur, Duba Tayarka

Mai karatu, idan kana bin hanyar Bauchi ko ta Farin Gada zuwa Naraguta da safe, wataƙila ka taɓa ganin wata jar Golf tana wucewa da ƙara kamar ta fi kowa sauri. To, tawa ce. Kawuna ne ya ba ni ita a shekarar 2022 da ya gaji da kai ta wurin bakanike. Golf 3 ce, samfurin GTI, ƙirar 1995, wato ta girme ni da 'yan shekaru. Ina son motar nan ƙwarai, kuma son da nake yi mata ne ya sa na ɗauki biro in faɗa wa 'yan'uwana matasa masu irinta wata gaskiya: mun fi kula da injin da ƙara da kwalliya, mun bar taya, alhali ita ce ke riƙe da ranmu.

Da farko dai bari in yaba wa motar. Kamfanin Volkswagen na Jamus ya fara ƙera Golf a 1974, ya fito da GTI a 1976, sannan Golf 3 ta shigo a 1991, har ta ci kambun motar shekara ta Turai a 1992. Dabarar GTI ita ce a ɗauki ƙaramar mota maras nauyi, a sa mata injin da ya ɗan fi ƙarfin jikinta, a ƙara wa ƙafafunta tauri. Tawa tana da injin mai lita 2, wanda a takarda ƙarfinsa ya kai na doki 115. A garin Jos, inda hanya ba ta miƙewa na dogon lokaci sai ta hau tudu ko ta sha kwana, irin wannan mota tana da daɗin tuƙi. Tana shiga lungun Dilimi ta fito, tana samun wurin fakin a Terminus inda manyan motoci ke ta zagaye, kuma kayan gyaranta ba sa wuya domin direbobin haya sun daɗe suna amfani da Golf tsakanin Jos da Bauchi da Kaduna. Tun da aka cire tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayu, 2023, ƙaramar mota ta ƙara daraja a idon kowa.

Amma fa akwai abin da yawancinmu ba mu lissafa ba. Jos tana kan tudu mai tsayin kusan mita 1,200 daga gaɓar teku. Injin yana aiki ne da mai da iska, kuma iska tana raguwa da kauri idan aka yi sama. Injin da ba shi da turbo yakan rasa kusan kashi 1 cikin 100 na ƙarfinsa a duk mita 100 da aka hau. Ke nan dokina 115 sun koma kusan 100 tun kafin a yi maganar tsufan shekara talatin. Wannan ne ya sa saurayi zai ga motarsa ta yi sanyi a hawa, sai ya ruga Farin Gada a huda masa salansa, ko a cire masa injekta a sa kafireto, yana zaton zai dawo da ƙarfin da ya ɓata. Ƙara ce kawai yake samu, da shan mai. Abin da injin ke so shi ne filogi mai kyau da matatar iska mai tsabta da baƙin mai a kan lokaci. Ni ma na yi wannan wauta. Kuɗin da na tara na sayen taya, salansa da sifika suka cinye, sauran canjin na sayi tayoyin Beljiyam guda biyu na ɗaura a baya.

Ranar da na gane kuskurena, a watan Agustan 2023 ne, tsakiyar damina. Mu huɗu ne a motar, ni da abokan karatuna uku, za mu ɗaurin aure a Akwanga. Mun wuce Riyom ana yayyafi, muka fara gangara Hawan Kibo. Wanda ya san wurin ya san gangare ne mai tsawo da kwana-kwana, kuma ya ci rayuka da yawa. A wata kwana na ɗan taɓa birki, sai kawai na ji bayan motar ya zame yana neman ya riga gaban. Sitiyari yana hannuna amma motar ba ta jin maganata. Allah ya taimake mu babu tirela a ɗaya hannun, muka juya muka tsaya a bakin hanya muna kallon inda muka fito. Babu wanda ya ce uffan na tsawon lokaci.

Da muka sauka ƙasa, na tsaya wurin wani dattijo mai faci. Ya durƙusa ya shafa gefen tayar da babban yatsa, ya nuna mini wasu lambobi huɗu a ƙarshen rubutun da ya fara da DOT: 3611. Ya ce, "Ɗana, ku ne 'yan boko, karanta mini." Na ce ban san ma'anarsu ba. Ya ce, "Mako na 36, shekarar 2011. Tayar nan ta shekara 12. Zanenta yana nan, amma robar ta mutu." Na ce, "Baba, ai mai sayarwa ya ce sabuwa ce daga Turai." Ya yi dariya ya ce, "Araha ba ta ado."

Tun daga ranar na koyi karatun taya, kuma tunda mu ɗaliban harshe ne, ina ganin wannan ma rubutu ne da ya kamata mu iya. Tun shekarar 2000, lambobi huɗun nan suna nuna mako da shekarar da aka yi taya. Roba tana bushewa tana tsagewa ko da ba a hau ta ba. Rubutu irin 205/50 R15 da ke jikin tawa yana nufin faɗinta milimita 205, tsayin gefenta rabin faɗin ne, kuma za ta hau rim mai inci 15. Harafin da ke biye yana faɗin iyakar gudun da za ta jure: T kilomita 190 a awa, H 210, V 240. Idan ka ga hoton dutse da ƙanƙara a gefe, tayar hunturun Turai ce, robarta mai laushi ce da aka yi don sanyi, zafin kwaltarmu na saurin cinye ta. Zanen taya kuwa aikinsa korar ruwa ne, idan zurfinsa ya gaza milimita 1.6 to taya ta ƙare, a kan ruwa za ta riƙa yawo.

Ka tuna, duk ƙarfin injin da birki da sitiyari, ta wuri huɗu kawai suke isa ƙasa, kowanne bai wuce tafin hannu ba. Golf da ƙafafun gaba take ja, shi ya sa muke zaton can ya kamata tayoyi masu kyau su zauna. Masu ƙera taya kuwa sun ce idan biyu kawai za ka iya saya, ka sa sababbin a baya, domin zamewar gaba ana iya gyara ta da sassauta totur, zamewar baya kuwa kafin ka farga mota ta juya. Abin da ya same ni ke nan a Hawan Kibo. Haka kuma idan ka ninka gudu sau biyu, nisan da birki ke buƙata yana ninkuwa sau huɗu. A doguwar gangara kuma, wanda ya dogara da birki kaɗai zai gasa shi har ya daina kamawa, sai a sa ƙaramar giya injin ya taimaka. Ga sanyin hunturun Jos da ke rage iskar taya da daddare, don haka da safe kafin tafiya ake gwada ta.

Na san abin da wani zai ce: "Kai ɗalibi ne, ina ka ga kuɗin sabuwar taya?" Maganarsa tana kan hanya. Michelin ya rufe masana'antarsa ta Fatakwal a 2007, Dunlop ya daina ƙera taya a Legas a 2008, sai ya zama kusan duk tayar da muke hawa daga waje take zuwa, farashinta na bin dala. Tsofaffin tayoyi suna cikin kayan da aka hana shigowa da su Nijeriya, amma suna nan jibge a kasuwa saboda talaka ba shi da zaɓi. Direban haya da ke neman abincin iyali ina tausaya masa. Amma mu masu GTI da ke da kuɗin rim mai walƙiya da baƙin gilas, wane uzuri gare mu? Amsata ita ce, wanda ba shi da kuɗin taya ba shi da kuɗin gudu. Ya yi tafiyarsa a hankali cikin gari har ya tara.

Kada kuma a ɗauka wannan matsalar tsofaffin motoci ce kawai. A ranar 6 ga Maris, 2016, ƙaramin ministan ƙwadago James Ocholi ya rasu tare da matarsa da ɗansa a hanyar Kaduna zuwa Abuja, bayan tayar babbar motarsu ta fashe. Bayan wannan ne Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, wadda aka kafa a 1988, ta ƙara matsa wa direbobi lamba a kan tayoyin da suka tsufa. Idan motar minista ba ta tsira ba, ina ga Golf ɗin ɗalibi? Gani ga wane ya ishi wane tsoron Allah.

Daga ƙarshe, ina kira ga 'yan'uwana masu ƙananan motoci masu zafi da mu sake tsarin kashe kuɗinmu: taya da birki da farko, sai ƙafafu, sai injin, kwalliya ta zo a ƙarshe in an samu saura. Ni dai na sayar da sifikokina, na ajiye motar wata biyu ina hawa Keke zuwa aji, abokai suna yi mini dariya, har na haɗa kuɗin sababbin tayoyi huɗu. Motar ba ta ƙara gudu ba, amma yanzu idan na juya sitiyari tana bin umarnina. Kai kuma da ba ka da mota, ran da za ka shiga ta haya zuwa gida hutu, sunkuya ka karanta lambobi huɗun nan kafin ka biya kuɗi. Allah ya kiyaye hanya.