Karan Gona Ba Shara Ba Ne

Ya kai ɗan'uwa manomi, da kai malamin gona, duk wanda ya bi hanyar Keffi zuwa Garaku tsakanin watan Disamba da na Fabrairu zai ga hayaƙi yana tashi daga gonaki. Karan masara ne da na dawa da na shinkafa ake cinna wa wuta. A ganina wannan babbar asara ce, kuma ga dalilina.

Abin da ke ba kara ƙarfi wani sinadari ne da masana ke kira selulos. Yakan kai kashi 35 zuwa 40 cikin ɗari na busasshen karan masara, zaren auduga kuwa kusan dukkansa shi ne. Asalinsa sukari ne: dubban ƙwayoyin gulukos a jere kamar carbi, an tufka su tamau har ruwa ba ya narkar da su.

Masu iya warware wannan tufka su ne fumfuna da bakteriya, ƙananan halittun da ke zaune cikin ƙasar gonarka. Suna fitar da wasu sinadarai masu aiki irin na almakashi, waɗanda ake kira inzayim. Manyansu iri uku ne. Na farko yana daddatse igiyar a tsakiya. Na biyu ya kama bakin da aka datse, ya riƙa gutsuro ƙwaya bibbiyu. Na uku kuma ya raba su ɗaya-ɗaya. Halittun su ci sukarin, su hayayyafa, su mutu, su bar maka baƙar ƙasa mai riƙe ruwa da taki.

Kada ka raina ƙarfinsu. A lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, wata fumfuna ta riƙa cinye tantunan auduga na sojojin Amurka a Tsibiran Solomon. An raɗa mata suna Trichoderma reesei don girmama masani Elwyn Reese, kuma har yau masana'antu suna samar da inzayim daga gare ta. Haka nan saniya ba da kanta take narkar da kara ba. Bakteriyar da ke cikin tumbinta ce ke yi mata aikin.

Na san za ka ce, "Na taɓa binne kara, sai masarata ta yi rawaya." Gaskiyarka. Da ruwan ciki ake jan na rijiya: halittun nan suna bukatar naitirojin kafin su ƙera inzayim. Karan masara yana da kabon kimanin kashi 60 a kan kowane kashi 1 na naitirojin, alhali ruɓewa ta fi sauri idan kabon bai wuce kashi 30 ba. Idan ka binne kara dab da shuka, sai su ari naitirojin ɗin da ke cikin ƙasa, su bar masara da yunwa na 'yan makonni. Aro ne, za su mayar. Maganin abin shi ne a ruɓar da karan tun kafin damina.

Wani kuma zai ce wuta tana kashe tsutsar kara. Tana kashewa, amma tana tafiya da mafi yawan naitirojin da kabon ɗin karan, ta bar maka toka mai ɗan fotash wadda iskar hunturu za ta kwashe. Tulin taki mai kyau zafinsa yakan kai maki 60 a ma'aunin Selshiyos, wanda ya isa ya hallaka tsutsar.

Ga yadda za ka yi. Ka sassare karan gajeru-gajeru, domin inzayim ya sami wurin kamawa. Ka jera shi hawa-hawa a inuwa, kana sa kashin shanu ko na kaji da ragowar harawa a tsakani. Ka yayyafa ruwa, yadda in ka matsa da hannu za ka ji danshi ba tare da ruwa ya zuba ba. Ka juya tulin duk bayan mako biyu ko uku don iska ta shiga. Cikin wata biyu zuwa uku zai yi baƙi, ya yi ƙamshin ƙasa. Idan ruwa ya yi maka nisa, ka shimfiɗa karan a gona kamar yadda kake rufa wa kunyar doya ciyawa. Gara za ta fara aikin, ruwan Afrilu ya ƙarasa.

Kai kuma malamin gona, baki kaɗai ba zai hana ƙona kara ba. Ka nemi manomi guda a kowane ƙauye, ku raba gona gida biyu: gefe a ƙona, gefe a zuba wannan taki, shekara biyu ko uku a jere. Sannan ka gayyato maƙwabta ranar girbi su auna da kansu.

Allah Ya ba mu damina mai albarka.