Idan 'yarki ta samu gurbin ilimin masu buƙata ta musamman

Duk lokacin da sunayen jami'a suka fito, akwai gidan da ake jimami: yarinya ta nemi aikin jinya ko lauya, sai aka ba ta ilimin masu buƙata ta musamman. Ke kuma uwa kina cewa, "Wannan ai koyar da kurame da makafi ne, ƙarshensa alli da allo." Kafin ki ce ta haƙura sai baɗi, ki ɗan saurare ni.

Koyarwar tana ciki, kuma makarantar kurame ta nan Haɗejiya da ta Tudun Maliki a Kano ba za su ƙi ƙwararriyar malama ba. Amma ni inda na fi ganin giɓin shi ne asibiti. Duk ma'aikaciyar jinya ta san abin da ke faruwa idan kurma ta zo da naƙuda. Yaushe faya ta fashe? Jini ya zuba? Ɗan yana motsi? Sai mu koma tambayar uwar miji, alhali akwai maganar da mace ba za ta taɓa yi a gaban surukarta ba, ko da hannu ne. Dokar hana nuna wa naƙasassu wariya, wadda Shugaba Buhari ya sa wa hannu a Janairun 2019, ta wajabta wa asibitocin gwamnati tanadar hanyar magana da irin waɗannan marasa lafiya. Wa zai yi tafintar? Haka kotu, ofishin 'yan sanda da gidan talabijin.

Ga kuma yaran da sanƙarau ko ƙyanda ya tafi da jinsu, da jariran da shawara ta taɓa musu ƙwaƙwalwa. Ana buƙatar mai gano matsalar da wuri, ta zauna da uwa ta nuna mata yadda za ta yi da ɗanta a gida. Wadda ta ƙara karatu tana iya ƙwarewa a gwajin ji ko gyaran magana.

Ki tuna ambaliyar 2022 a Auyo, Kafin Hausa, Guri da Kiri Kasamma. Sanarwar a tashi ta rediyo da lasifika take zuwa, kurma bai ji ba. Gurgu kuma kekensa ba ya shiga ruwa. Ƙungiyoyin agaji suna ɗaukar masu wannan ilimin don tsara yadda taimako zai kai ga irinsu.

Ba zan ce miki aiki na jiranta a bakin ƙofa ba. Doka daban, ɗaukar ma'aikata daban, kuma gwamnati tana jan ƙafa. Takardar digiri kaɗai ba ta isa. Wadda hannunta ya iya magana ita ake nema.

Jami'ar Bayero ta Kano tana da wannan sashe, haka Jos da Ibadan. Idan ta shiga, ta koyi rubutun makafi da kyau. Maganar hannu kuwa iri biyu za ta riƙe: ta makaranta, wadda asalinta daga Amurka ne, da tamu ta Hausa da kurame ke yi a kasuwa da zaure. Matar da aka kawo daga ƙauyen fadama tana naƙuda, galibi ba ta taɓa shiga aji ba, ta biyun take ji.