Tsohuwar Da Za Ta Yi Miki Wankan Jego, Wa Ke Duba Ƙashinta?

Ke da kike zuwa awo daga Gazara ko Ikara ko Kudan, akwai wadda ake mantawa da ita a hidimar haihuwa: tsohuwar da za ta yi miki wankan jego. Ita ce mai hura wuta da asuba, ta sauke tukunyar ruwan zafi, ta goya jinjiri. In ta dafa ƙugu ta ce wayyo bayana, sai a ce ai tsufa ne. In ta rankwafa, tsawonta ya ragu, nan ma tsufa.

A ganina mun cika ɗora wa tsufa laifin da ba nasa ba ne. Akwai ciwon da likitoci ke kira ostiyoforosis, wato zaizayewar ƙashi. Ƙashi yakan koma kamar azarar da gara ta ci, waje lafiya lau, ciki rami. Ba ya zazzaɓi, ba ya kumburi, shi ya sa yawancin tsofaffinmu ba su taɓa jin labarinsa ba sai ranar da aka karye. Ƙarfin ƙashi yakan kai ƙarshen cikarsa wajen shekara 30, kuma da zarar mace ta daina al'ada sai ya riƙa raguwa da sauri. Ƙididdigar duniya ta nuna mace 1 cikin 3 da suka haura shekara 50 za ta samu karaya ta wannan dalili, a maza kuwa 1 cikin 5. Saboda haka Baba ma bai tsira ba.

Ga abin da ya fi damuna. Inna ta zame a bayan gida, wuyan hannu ko ƙugu ya karye, a kira mai ɗori, a ce tsautsayi ne, shi ke nan. Ba wanda zai tambaya me ya sa ɗan zamewa ya karya ƙashi. Alhali karayar farko gargaɗi ce, ta biyu na tafe, kuma karayar ƙugu takan kwantar da tsoho kwanciyar da ba ya tashi. Irin wannan a kawo shi asibiti a ɗauki hoto, domin akwai magungunan da ke rage zaizayewar.

Rigakafin kuwa yana cikin tukunyarki. Nono da kindirmo, miyar kuka, zogale, riɗi da ƙananan kifi da ake ci da ƙayarsu, duk suna da sinadarin kalsiyam mai gina ƙashi. Ke ma kina buƙatarsa, don jaririn da ke cikinki daga jikinki yake ɗiba, musamman a watanni ukun ƙarshe. A bar tsohuwa ta sha hantsi a tsakar gida, ta riƙa ɗan tattaki; zaman ɗaki ba gata ba ne. Maigida ya gyara santsin makewayi, ya sa fitila a hanya.

Ki kuma leƙa ledar magungunanta. Ƙwayoyi irin su Prednisolone da Dexamethasone, da ake saye a kemis don ciwon gaɓoɓi ko ƙara ƙiba, suna cin ƙashi in an daɗe ana sha. Kada ta yanke su rana ɗaya, hakan ma haɗari ne. Ki zo da ita da ledar ranar awonki na gaba, likita ya gani.