Raƙuman dawan Kure da baƙon da aka manta da shi

Yawon buɗe ido, wato tafiyar da mutum ke yi don ganin wurare da al'adun mutanensu, sana'a ce da Nijar ta daɗe tana jingina ta ga Turawa, shi ya sa take durƙushewa duk lokacin da tsaro ya taɓarɓare. Abin kallo kuwa bai yi wa ƙasar kaɗan ba, domin hukumar UNESCO ta sanya duwatsun Ayar da hamadar Tenere cikin kayan gadon duniya a 1991, gandun dajin W a 1996, sannan tsohon birnin Agadas, mai hasumiyar laka da ta kai mita 27, a 2013.

Wurin da ya fi buƙatar kulawa yana kusa da Yamai. A yankin Kure, kimanin kilomita 60 daga babban birnin, ake samun ragowar raƙuman dawa na Afirka ta Yamma, waɗanda suka ragu zuwa kusan 50 a 1996 kafin kiyayewa ta sa suka haura 600, har aka kwashi wasu zuwa Gadabeji a 2018. Dabbobin nan ba a cikin shinge suke ba, suna yawo ne a tsakanin gonaki, suna cin waken talakawa, manoma kuma sun yi haƙuri da ɓarnar saboda kuɗin baƙi yana isa ƙauyuka ta hannun 'yan jagora. Harin da aka kai a yankin ranar 9 ga Agustan 2020, wanda ya hallaka Faransawa shida da 'yan Nijar biyu, ya toshe wannan hanyar abinci, kuma manomin da ba ya ganin amfanin dabba ba zai daɗe yana kare ta ba.

A ganinmu, baƙon da ya kamata a nema shi ne ɗan ƙasa da maƙwabcinsa na Kano, Katsina da Sakkwato. Gasar kokawa ta takobi, wadda aka fara a 1975, shaida ce cewa jama'a na tafiya mai nisa, su biya masauki, idan abin kallon ya shiga ransu. Ba wanda zai nemi a tura yara dajin W alhali 'yan bindiga na kai-kawo a cikinsa, amma gidan tarihi na Bubu Hama, wanda aka kafa a 1959, yana tsakiyar Yamai, ɗauke da ƙasusuwan manyan dabbobin da suka shuɗe da kuma busasshen iccen Tenere da mota ta kayar a 1973. Wajibi ne hukumomin ilimi su mayar da ziyararsa cikin tsarin karatu, jami'an tsaro kuma su tabbatar da hanyar Kure, a kuma ware wa ƙauyukan yankin kaso sananne daga kuɗin shiga.